Ɓargon Kawu Dalhatu

A cikin mahautan Gumel akwai masu yanka, akwai masu fiɗa, akwai kuma masu tebur, waɗanda ke zaune suna korar ƙuda suna kiran duk mai wucewa Alhaji, ko da bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba. Kawu Dalhatu ba ya cikin ko ɗaya. Shi mai saran ƙashi ne. In an gama fiɗa kowa ya kwashi tsokarsa, abin da ya rage mai taurin kai shi ake turowa gaban kututturensa, wani guntun kirya da ya gada daga mahaifinsa, wanda tsakiyarsa ta lotsa kamar turmi saboda shan gatari. Kwana shida yana Gumel. Ranar Alhamis sai ya naɗe gatarin a buhu ya shiga motar Maigatari, inda shanun Nijar suke saukowa, ƙashi ya yi araha.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma tun yana saurayi ake ce masa Kawu, don da fuskar dattijai aka haife shi. Sara ɗaya yake yi wa ƙashin cinyar bijimi. Amma ba ƙarfin ne ya yi masa suna ba, ido ne. In ya fasa ƙashi ya leƙa ɓargon, sai ya ba ka labarin dabbar tun daga garkensu. "Wannan ta yi rani biyu ba ta ƙoshi ba, kitsen jikinta na aro ne." Ko kuwa, "Wannan ya yi jinya, an dai rufa masa asiri da dusa." A gaban mai naman da mai saye yake faɗa, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma rage ta. Dillalan shanu sun gwammace su haɗu da ɗan kwastan a kan su haɗu da shi.

In kuwa ƙashin mai kyau ne, ɓargon ya daskare kamar man shanu, to a nan bakinsa yake mutuwa. Sai ya dube shi ya ce, "To." Ya naɗe ya miƙa maka. Iyakar yabonsa ke nan a duniya. Ubale, mai teburin da ke kusa da shi, wanda zai yi wa wutsiyar akuya kirari har ka ji kunyar taya ta, ya sha ce masa, "Kawu, kai da kayanka kamar masu gaba. Ka ɗan yabe shi mana."

Shi kuwa ya ce, "Naman da ake yi wa kirari, sa hancinka kafin ka sa hannu a aljihu."

Matarsa Laure 'yar Gagarawa Tasha ce, kuma ita ta fi kowa sanin tsadar wannan "To". Takan ba 'ya'yanta labari cewa ranar da aka kawo ta, da ya ɗaga mayafin ya dube ta, abin da ya ce ke nan. Kwana uku tana kuka, a zatonta ba ta yi masa ba. Sai da ta ga yadda yake yi wa ƙashi sannan ta gane ashe babbar kyautar gidan aka ba ta. "Kuma tun daga ran nan ban ƙara samu ba," in ji ta. "Shanu sun cinye mini rabona."

Kowace Alhamis in ya dawo daga Maigatari da la'asar sakaliya, yakan zo da ƙashi ɗaya da ya zaɓa, ba na sayarwa ba. A gindin dalbejiyar tsakar gida yake fasa shi, ita kuma ta tsaya da tukunya a hannu ta ce, "Malam, yaya ka gan shi?" Ya ce, "To." Ta karɓa ta nufi madafa. In ya yi kuskuren zaɓe, wanda bai wuce sau biyu a shekara ba, sai ya ce, "Wannan ya cuce ni daga waje," a dafa dai don kada a yi asara. Shekara arba'in da ɗaya suna wannan tambaya da amsa. Sun haifi tara, sun binne huɗu, an sake kuɗi, an sake jiha, dalbejiyar ta girma ta tsaga katanga, tambayar tana nan yadda take.

Abin ya fara ne bayan wata Babbar Salla. Kwana ukun layya su ne kakar mai sara, don haka kowa ya ɗauka gajiyarsu ce ba ta sake shi ba. Sai gajiyar ta cika wata, ta shiga na biyu. Ƙashin da yake yi wa sara ɗaya ya koma biyu, ya koma uku, har wata rana gatarin ya dira a kan ƙashin ƙwauri ya yi tsalle ya dawo kamar an kore shi. Ubale ya ce, "Kawu, gatarin ne ya tsufa ko mai shi?" Yana cikin dariya idonsa ya faɗa kan tafin hannun Kawu, sai dariyar ta tsaya a rabi. Tafin ya koɗe kamar na mai wankau. In ya yi asuwaki dasashinsa ya yi ta jini. In ya jingina da bango ya tashi da tabo a kafaɗa, bai san inda ya samo shi ba.

A asibitin gari aka ce jininsa ya yi ƙasa, 'ya'yansa maza suka bayar, aka ƙara masa leda biyu. Ya miƙe kamar shukar da aka yi wa ban-ruwa, har ya koma kasuwa ya tona wa wani dillali asiri. Bayan mako biyar ya sake yin laushi. Aka sake ƙarawa, ya sake yin ƙasa, kamar ana ɗiban ruwa da kwando. Laure kuwa ta buɗe nata asibitin a madafa, ruwan karan dafi da safe, hanta da rana, zogale kuma ba lokaci, har ya ce mata in ya ƙara cin ganye sai dai a kafa masa turke.

Likitan ne ya zaunar da su, shi da autarsu Juwairiyya, wadda ke koyarwa a wata firamare a Sule Tankarkar, kuma ita ke riƙe da takardun asibitin a cikin jakarta. Ya ce ba zuba jinin yake yi ba, da alama inda ake yin sa ne aiki ya tsaya. Kawu ya tambaya a ina ake yin sa, don shi a saninsa hanta ce. Likita ya ce a cikin ƙashi, a ɓargo.

Kawu ya girgiza kai. Can ya ce, "Ashe madafar jini nake fasawa ina sayar wa mutane su yi miya, ba wanda ya taɓa gaya mini."

Likitan ya ce zai tura su babban asibiti a Kano, a ɗebo ɗan ɓargon nasa a duba. Da labarin ya isa gida, Laure ta ƙara romon ƙashi a cikin magungunanta, wai a aika wa ɓargon 'yan'uwansa su taya shi aiki.

Sun je sau ɗaya aka duba shi, aka sa musu wata Litinin. Ranar Laure ta so bin su, Juwairiyya ta hana. Tun rasuwar Bilya, babban ɗansu, da motarsa ta faɗi a hanyar Damagaram shekara shida da suka wuce, hawan jini ya kama Laure. Ranar da saƙon ya zo faɗuwa ta yi a bakin rijiya, kuma har yau hannunta na hagu bai gama dawowa ba. Ta rako su har zaure tana gyara masa wuyan riga da hannun mai lafiya.

"Malam, na san halinka. Za ka ce a nuna maka."

"Likitoci ba sa nuna wa mutum kayansa."

"Za ka ce a nuna maka," ta sake faɗa. "In ka dawo ina jira."

Ɗakin da aka shigar da shi ƙarami ne, gado ɗaya mai shimfiɗar leda, fanka tana juyi kamar ba da son ranta ba, sai wani tire da aka rufe da koren ƙyalle. Kawu ya gane tiren. Haka masu yanka suke ɓoye wuƙa a bayansu in an kawo rago.

Likitan da ya shigo siriri ne dogo, fari, mai dogon hanci, ya ce sunansa Siddiq. Kawu, wanda kakanninsa Mangawa ne daga ƙasar Barno, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ji daɗi ya zo masa karo na farko a ranar.

"Juwairiyya, tashi mu tafi. Bafulatani suka ba ni."

"Baba, don Allah."

"Shekara nawa ina sarar shanunsu? Yau ya samu ramuwa."

Likitan bai ko ɗaga kai daga katin ba ya ce, "Ai tun da na ga an rubuta Gumel na ce a bar mini shi. Ba kowa ke iya ƙashin Barebari ba. Kansu ma tauri gare shi, balle ƙugu."

Daga nan ya ja kujera ya yi masa bayani dalla-dalla. Daga ƙashin ƙugu za a ɗebo, ta baya, daidai inda mazagin wando yake zama. Za a yi masa allura ta kashe fatar da saman ƙashin, amma cikin ƙashi ba a iya kashe shi, zai ji, kuma zai ji sosai na ɗan lokaci. Kawu ya ce ya gode da bai yi wa abin kirari ba. Ya rubuta sunansa da ajami a takardar yarda, a hankali. Aka ce Juwairiyya ta jira a waje.

Nas ta kwantar da shi a gefe, ta ce ya tanƙwara gwiwoyinsa su taɓa ƙirji. Ya yi. Yana fuskantar bango ya ce, "'Yar nan, ina gabas a ɗakin nan?"

"Baba, ba yanka ka za mu yi ba."

"Na dai ga kwanciyar ta yi kama."

Ya ji sanyin magani ana shafa masa, ya ji harbin allura kamar na rina, sannan wurin ya mutu. Bayan haka ya ji ana ƙwanƙwasa ƙashinsa, nesa-nesa, kamar ana buga ƙofar maƙwabta. Sai babbar allurar ta zo, mai mariƙi irin na abin huda katako. Likita ya ɗora nauyinsa a kai yana murzawa dama da hagu, kuma Kawu ya ji kukan ƙashin ta cikin haƙoransa. Ya san wannan wurin. Ya san ɓawon mai tauri, ya san kaurinsa, ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

"Kada ka yi gaggawa, ɗan Fillo," ya ce da bangon. "Ƙashin ƙugu ba ya son ƙarfi, lallashi yake so. Saura kaɗan ka faɗa."

Bai rufe baki ba allurar ta faɗa cikin laushi. Likita ya dakata. "Baba, an taɓa yi maka wannan?"

"Na saba da shi. Sai dai ni nake tsaye."

"To yanzu zan ja. Ja numfashi ka riƙe."

Abin da ya zo ba shi da suna a cikin duk ciwon da Kawu ya sani. Kamar an ɗaura igiya a diddigensa an fizgo ta ta cikin ƙugu. Mutumin da aka ce ko ranar kaciyarsa bai yi kuka ba ya damƙe ƙarfen gadon yana salati. Likita ya ja sau ɗaya, ya gyara, ya sake ja. Sai ya yi magana da nas da Turanci, ƙasa-ƙasa. Kawu ba ya jin Turanci, amma ya san muryar. Ita ce wadda masu fiɗa suke yi in sun buɗe ciki sun ga abin da ba su saya ba.

Aka ƙara nutsa allurar, aka murza, aka ɗan girgiza ta don guntun ya karye, aka zare. Nas ta danne wurin da auduga ta daɗe ba ta ɗaga ba, don jininsa ya daina saurin tsayawa.

"Likita, nuna mini."

"Baba, babu abin da ido zai gani. Sai an yanka shi siriri an sa a na'ura. Mako uku."

"Nawa ne ko naka?"

Likitan ya zagayo da wata 'yar kwalba mai farin ruwa. A ciki akwai wani abu kamar karyayyen tsinken ashana. Kawu ya ce a matsar da ita wajen hasken taga.

Ƙashin ƙugu ba irin na cinya ba ne. Cikinsa soso ne, kuma a dabba mai lafiya ja ne jawur, a jiƙe, kamar an tsoma shi a zoɓo. Wannan kuwa kalar ɓawon gyaɗa gare shi, sai ɗan ɗigon ja a can gefe guda, kamar wanda aka manta ba a share ba. Ya taɓa ganin irinsa. Shekarar da aka yi fari, tsofaffin shanun da suka sauko daga arewa suka riƙa kwantawa a hanya, ana rige-rigen yanka su kada su zama mushe, haka ƙugunsu yake.

Ya dube shi sosai, yadda yake duba na mutane. Sannan ya ce, "Na gode, Likita."

An ce ya kwanta rigingine na rabin awa don ya danne wurin. A nan Juwairiyya ta shigo ta zauna a bakin gadon. Ta tambaye shi ko ya ji zafi, ya ce ya ji. Ta tambaye shi ko ya gani, ya ce ya gani. Ta tambaye shi yaya ya gan shi, kuma da yake bai san wata hanyar amsa wannan tambayar ba, sai ya gaya mata.

"Baba, kai fa ba likita ba ne."

"Haka ne. Kuma ina kuskure sau biyu a shekara. Allah ya sa wannan ne ɗaya."

Ta rufe fuska da gefen hijabi ta yi kukanta ba sauti. Da ta gama ta share ido, ta koma malamar makaranta.

"Kada ka gaya wa Inna. Ka tuna bakin rijiya. Mako uku ne kawai, in takarda ta fito sai mu san yadda za mu yi. Ka ce mata ka gani, lafiya lau. Don Allah, Baba."

Ya tuna bakin rijiya. Ya tuna yadda aka ɗauko ta zaninta a jiƙe, bakinta ya karkace. Ya ce ya ji.

Matsalar ita ce Kawu bai iya ba. Ƙarya sana'a ce, ana koyon ta tun ana yaro, shi kuwa ya haura sittin bai taɓa zama a gaban mai koyarwa ba. A mota, yana zaune a karkace a kan ƙugu ɗaya, kowane rami yana gaishe shi, ya yi ta neman yadda ake fara ta. Ya gwada "To" a ransa, sai ya ji ta ƙi fitowa. Wannan kalmar bai taɓa ɗora ta a kan abin da bai cancanta ba, kuma da ita ya karɓi Laure. Da suka iso Gagarawa Tasha direba ya tsaya sauke wata mata da buhunan riɗi, Kawu ya hangi lungun da ya riƙa tsayawa zance yana saurayi, ba ya cewa komai, har ƙannen Laure suka sa masa suna Bebe. A nan dabara ta zo masa. Shekara talatin yana jin Ubale daga safe zuwa yamma. In dai sayar da abin da bai kai ba ne, ai ya yi maƙwabtaka da gwani.

Sun isa gida bayan la'asar. Laure tana gindin dalbejiya a kan tabarma, ta sa masa matashi tun kafin su iso. Ta bari ya zauna, ta yi masa sannu da hanya, sannan ta ce, "Malam, yaya ka gan shi?"

Kawu ya gyara murya.

"Ai Laure, ba ki ga ɓargo ba. Ja jawur, sai ƙyalli yake yi, kamar na ɗan maraƙin da bai san rani ba. Likitan da kansa, Bafulatani fa, ya ce tun da yake bai ga irinsa ba. Har nas ɗin sai da ta leƙo. Wannan na sarki ne, ba na talaka ba." Saura kaɗan ya ƙara da cewa in ba a so a bari wani ya zo ya ɗauka, Allah ya taimake shi ya kama bakinsa.

Laure ta dube shi. Ta dubi Juwairiyya, wadda ta dukufa neman wani abu a cikin jakarta. Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi. Bari in kawo maka ruwa."

Washegari Juwairiyya ta koma Sule Tankarkar saboda makaranta, hankalinta a kwance. Kawu kuwa nasa ne ya tashi. Abin ya yi sauƙi fiye da yadda ya zata, kuma wannan ya fi ciwon ƙugun damun sa. Ashe haka ake yi, ka buɗe baki kawai, mutumin da ya yarda da kai ya ce alhamdu lillahi ya tafi ɗebo maka ruwa. Ya lura ta zuba gishiri sau biyu a miyar Talata. Ya lura in ya farka daga barcin rana yakan same ta zaune kusa da shi tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Ya ɗauka murna ce ke sa ta haka, don shi ƙashi ya iya karantawa.

Ranar Alhamis bai je Maigatari ba, an hana shi. Da la'asar Ubale ya yi sallama a zaure ya bar masa ƙashin cinya guda, ya ce na wani bijimi ne ɗan Tanut ta Nijar wanda bai taɓa ganin irinsa ba, kuma wannan karon da gaske yake. Laure ta shigo da shi tsakar gida. Ta ɗauko gatarin daga bayan ƙofa ta ajiye a gabansa, ta je ta ɗauko tukunya.

Ya durƙusa a hankali saboda ciwon. Sara huɗu ya yi kafin ƙashin ya buɗe, yana haki tsakanin kowane biyu. Ɓargon ya cika taf, a daskare, fari mai ɗan rawaya, ba kogo ko kaɗan. Ubale ya faɗi gaskiya, abin da ya kamata a rubuta ranarsa.

"Malam, yaya ka gan shi?"

"To."

Ta fito ne kafin ya yi tunani. Ya miƙa mata ƙashin, ba ta karɓa ba. Tana tsaye da tukunyar a hannun dama, na hagun yana rataye a gefenta.

"Wannan nake jira tun ranar Litinin," ta ce. "Ka auno mini magana ta kai buhu guda, na tankaɗe ta kwana uku, ban same ta a ciki ba."

Ya ajiye ƙashin a kan buhu. "Juwairiyya ce ta ce..."

"Na sani. Ita yarinya ce. Da shiru ka yi ma, da na ce gajiyar hanya ce. Amma kirari, Malam? Da muryar Ubale? Har da na sarki?"

Dariya ta kama shi, ta ja masa ciwon ƙugun har ya dafe wurin. Ita ma ta yi, kaɗan, har ta ajiye tukunyar don ta samu hannun share ido. Ta jawo turmi ta kifa ta zauna a kai, daf da shi, gwiwarta tana taɓa kafaɗarsa.

"Na zauna," ta ce. "Babu rijiya a nan. Gaya mini da bakinka."

Ya gaya mata. Kalar ɓawon gyaɗa, ɗan ɗigon ja a gefe, shanun shekarar fari. Bai ɗaga murya ba, bai kuma rage ta ba. Yana faɗa yana kallon bakinta, ko zai karkace. Bai karkace ba, rawa kawai ya yi.

"Irin waɗannan shanun," ta ce, "in sun samu mai kula da su, suna kai damina?"

"Wasu suna kaiwa."

Ta sunkuya ta ɗauki ƙashin ta sa a tukunya. "To tashi daga ƙasa, kada sanyi ya shige ka."

Bayan mako uku takarda ta fito, ta faɗi da dogon Turanci abin da Kawu ya faɗa a taƙaice: ɓargon ya kusa daina yin jini, kuma a shekarunsa abin da ya rage shi ne ƙari da lallaɓawa. Da Juwairiyya ta ba Likita Siddiq labarin abin da babanta ya gani tun ranar, sai ya ce ta gaya wa Babarbaren nan ya sa sun wahalar da na'ura a banza. Ita kuwa ta shigo gida tana lissafin yadda za ta fara yi wa Inna bayani, ta tarar da su biyun a gindin dalbejiya suna gardamar ko zogale ya yi yawa a dambu. Laure ta karɓi takardar, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin tabarma ba ta tambayi abin da ke ciki ba.

Aka ci gaba da ƙarin jini, tazarar tana raguwa. Mahautan Gumel suka riƙa zuwa suna bayarwa layi-layi, har da dillalai biyu da ya taɓa tona wa asiri. Ya ga ruwan farko, ya sa aka fito da shi ƙofar ɗaki ya shaƙi ƙamshin ƙasa. Ya ga na biyu. Na ukun a kan kabarinsa ya sauka.

Alhamis ɗinsa ta ƙarshe ba ya iya ɗaga gatari, ko cokali sai an taya shi. Ubale ya fasa ƙashin tun a kasuwa ya kawo, sara biyar, duk ya farfashe shi. Laure ta dafa, ta tace romon a ƙaramin kwano, ta zauna a bakin katifa tana ba shi da hannunta mai lafiya. Ya sha cokali uku ya kau da kai. Ta tsamo guntun ƙashin ta kai masa kusa da ido, don al'ada.

"Malam, yaya ka gan shi?"

Bai dubi ƙashin ba. Ita ya duba, furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, da gumin madafa a goshinta, da hannun hagun da ke kwance a cinyarta. Ya daɗe yana duba, yadda yake yi in ba ya son ya yi kuskure.

"To," ya ce.

Laure ta mayar da ƙashin cikin kwano a hankali.

"Na biyu ke nan," ta ce. "Ka ƙara cokali ɗaya."